Faɗakarwa Game da Keke Mai Sifirin a Baya

Tun da ƴan kasuwa suka fara shigo da tsofaffin kekunan Turai cikin kayan gwanjo, suna bi da su ta Maraɗi har kasuwannin Tasawa da Mayahi, wata magana ta kama bakin samari har ta fara shiga kunnen dattawa, wai keken da ke da sifirin a ƙarƙashin sirdi ya fi kowane keke ɗaukar kaya, kuma wai shi kaɗai ne ba ya kafewa cikin rairayi. Na gaji da jin wannan zance, na kuma gaji da ganin magidanci ya sayar da akuya ko ya kwashe kuɗin wakensa ya sayi abin da ba zai kai shi damina biyu ba, alhali kuwa hujjar da ke rushe maganar tana jikin keken, ga duk wanda ya tsuguna ya duba.

Asalin irin wannan keke wasa ne. A shekarar 1976 waɗansu samari na gundumar Marin, a jihar Kalifoniya ta Amurka, suka soma tseren gangarowa daga kan dutse bisa tsofaffin kekuna; Joe Breeze ya ƙera keke na musamman domin haka a 1977, kamfanin Specialized kuma ya fito da keken Stumpjumper kasuwa a 1981, kuma dukkansu babu mai sifirin. Sai a 1989 kamfanin RockShox ya kawo sifirin na ƙafar gaba, aka yi gasar duniya ta farko ta keken dutse a garin Durango a 1990, daga nan maƙera suka duƙufa neman dabarar ƙafar baya. Waɗansu suka rataya ta a ƙusa ɗaya tak. Wani maƙeri, Horst Leitner, ya ƙara wata gaɓa dab da gindin ƙafar domin kada birki ya sandarar da sifirin. Waɗansu kuma, kamar kamfanin Trek a kekunansa masu siffar Y na 1995, suka haɗa feda da ƙafar baya a ƙarfe guda mai lilo. Kekunan gangara na ƙarshen wannan zamani, irin waɗanda Bafaranshen nan Nicolas Vouilloz ya ci gasar duniya sau 7 a kansu tsakanin 1995 da 2002, ƙafarsu ta baya tana iya lotsawa santimita 15 zuwa 20, kuma a mota ko a kujerar igiya ake hawar da su kan dutse, domin ko masu su ba sa son tuƙa su zuwa sama.

To, ina dutsen yake a ƙasarmu? Daga Tasawa zuwa Mayahi, ka bi kwarin Gulbin Kaba har ƙafarka ta gaji, jigawa ce da gonakin gero da goriba. Amfanin sifirin shi ne ya shanye duka, wato sa'ad da ƙafa ta bugi dutse ko saiwa da gudu, ya lotsa domin kada bugun ya kai ga mahayi, taya kuma ta zauna a ƙasa. Rairayi kuwa ba ya dukan kowa, haɗiye taya yake yi, kuma abin da ke hana taya nutsewa shi ne faɗinta da sassaucin iskar da ke cikinta, waɗanda babu ruwansu da sifirin ko kaɗan. Bal ma a rairayi ne illarsa ta fi bayyana, saboda a nan ne mutum ke danna feda da iyakar ƙarfinsa, kuma kowace dannawa sai wani kaso nata ya tafi wajen lanƙwasa sifirin maimakon juya ƙafa, tamkar mai jan guga a rijiya mai zurfi da igiyar roba, yana ja tana miƙewa.

Batun kaya ya fi wannan muni. Maƙeran sun auna sifirin ne da nauyin mutum ɗaya, bisa ƙa'idar cewa idan ya zauna ya lotsa kamar rubu'i ko sulusin iyakarsa, sauran ya rage domin duka. Idan aka ƙara jarka biyu ta lita 25, wato kilo 50 na ruwa, balle buhun gero, to ya lotsa har ƙarshe tun ba a bar ƙofar gida ba, daga nan kuma kowane rami ƙusa ce da walda ke karɓarsa kai tsaye. Ga shi kuma galibin kekunan ba su da ramukan ɗaura kariya, domin ba a nufe su da ita ba. Sai ka ga an kai wa mai walda ya haɗa kariya daga sandar sirdi zuwa gindin ƙafa, ya ɗaure abu mai motsi da abu marar motsi, sa'an nan a yi mamaki in ta tsage. Na ga yaro yana tura irin wannan daga rijiya, taya tana gugar ƙasan kariya tana kuka, robarta ta zube baƙi-baƙi a kan sarƙa.

Mafi yawan abin da ke kasuwa ma ba na ainihi ba ne, kwaikwayo ne na araha da aka yi wa siffar Y domin ɗaukar ido. Na ainihi yana da bututun mai a cikin sifirin wanda ke tsare shi ya dawo a hankali. Na kwaikwayo sifirin ne tsirara, yana harba mahayi sama kawai, ga nauyi na banza. Tsadar kayan gyara da son a gani su ma suna cikin musibar. Amma ƴan kasuwa su ji tsoron Allah: malaman fiƙihu ba su yi saɓani ba a kan cewa ɓoye aibin haja ha'inci ne, kuma shafa fenti bisa tsagewa domin a rufe ta yana cikinsa. Mai saye shi ma ya sani kashe dukiya a kan abin da ba shi da maslaha israfi ne, ko da jika biyar ce.

Wanda ya nace sai ya saya, to ya riƙe sirdi da hannu ɗaya, ya kama ƙafar baya da ɗayan, ya girgiza ta hagu da dama. In ya ji ƙwas-ƙwas, ƙusar ta cinye mazauninta, kuma da wuya a sami madadinta a nan. Ya danna sirdi da ƙirjinsa ya saki: in ya dawo da natsuwa, da sauran rai, in ya yi tsalle, ko ya ƙi dawowa, ko mai na tsatsafowa, ya mutu. Waɗanda aka sa wa dunƙulen roba maimakon ƙarfe, kamar tsofaffin kekunan Proflex, tsufa da zafi kan sandarar da robar ko su narkar da ita. Ya goge ƙura a kowace walda, musamman kusa da ƙusa da wuyan keke, ya nemi siririn layi kamar gashi. Ya kuma tafi da maganaɗisu: in bai kama ba, alminiyon ne, wanda waldar bakin kasuwa ba ta riƙe shi, kuma karyewarsa ba ta sallama.

Wanda ya riga ya saya, kada ya cika ƙusoshin da giris har ya yi tumbatsa, domin giris da rairayi in sun haɗu su ne ke cin ƙarfe; kaɗan a ciki, a goge na waje, a riƙa sharewa da tsumma musamman lokacin hunturu. Kada ya goya babba, kada ya ɗora abin da ya wuce jakar makaranta. In sifirin ya mutu, mai gyara zai iya sa sandar ƙarfe a gurbinsa, da sharaɗin tsawonta ya zo daidai da nasa daga ƙusa zuwa ƙusa, in ba haka ba feda za ta riƙa taɓa ƙasa ko kan keken ya yi gardama.

Mai neman keken gona da rijiya da kasuwa kuwa, a cikin gwanjon nan akwai abin da ya dace da shi, sai dai ba a kula shi don ba shi da ado: tsohon keken dutse na ƙarfe marar sifirin, mai ƙafa inci 26 da faffaɗar taya da ramukan kariya. Ya rage iska kaɗan in zai shiga rairayi, ya ƙara in ya hau kwalta, ya sa tsohuwar taya a ciki saboda tsidau. Don buhu kuma, Rali da Phoenix na iyayenmu har yanzu kowane mai gyara a Tasawa yana da kayansu a akwati.