Siffofin Lambar Miliyan Ɗaya da Rukunonin da Take Ciki

A littattafan lissafi na firamare akan kawo 1,000,000 ne don ɗalibi ya ƙirga sifirinta shida kawai, a wuce. Mu kuwa muna ganin wannan lamba ta isa a koyar da rabe-raben lambobi da ita, a kuma gwada ingancin kalmomin da muke ƙirƙira wa fannin.

Sunanta dai aro ne daga Turanci. Kafin zuwansa Bahaushe na iya cewa dubu sau dubu, kuma a zamanin ciniki da wuri ana kiran wuri 20,000 ƙeso, wato miliyan ƙeso 50 ke nan.

Rukuni na farko ba ya buƙatar ƙirƙira, domin akwai cika da mara a harshen tun asali. Miliyan cika ce, tunda biyu na raba ta ba saura. Rukuni na biyu shi ne na lambobin da ba mai raba su sai ɗaya da su kansu, irin 2, 3, 5 da 7. Mun zaɓi kiran irinsu "gagara-rabo", don ya fi zama a baki bisa doguwar jimlar bayani. Miliyan ba ta cikinsu. Idan aka yi ta farfasa ta, ba abin da zai rage sai 2 guda shida da 5 guda shida, domin kowane sifiri goma ne, goma kuwa 2 sau 5 ce. Gagara-rabo mafi kusa da ita su ne 999,983 daga ƙasa da 1,000,003 daga sama, kuma akwai irinsu 78,498 kafin a kai miliyan.

Inda darasin ya fi armashi shi ne wajen lambobin da ke raba ta daidai. Guda 49 ne. A lura cewa 49 mara ce, alhali masu raba lamba bibbiyu suke zuwa: 1 da 1,000,000, 2 da 500,000, 4 da 250,000, haka har tagwaye 24. Saura 1,000, wadda ba ta da abokiya sai kanta. Wannan ita ce alamar murabba'i, kuma ɗalibin da ya gano ta da hannunsa a allo da wuya ya manta. Haka nan 100 sau 100 sau 100 miliyan ce.

Akwai kuma tsohon rabo na masanan Girka. Akan tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta yi daidai da lambar, kamar 6 da 28, kammalalliya ce; in ta gaza, mai giɓi ce; in ta zarce, mawadaciya. Jimlar miliyan 1,480,437 ce, saboda haka mawadaciya ce. Shawararmu ita ce a jinkirta wannan rabo zuwa ƙaramar sakandare, a fara da 12 da 18 kafin a taɓa miliyan.