Birki ya yi laushi? Manhajar waya ba ta gano wannan matsalar

A cunkoson Sabon Tasha, kan titin Kachiya, birkin da ke nutsewa barazana ne ga masu Keke Napep da masu tsallaka titi. Masu jona na'urar OBD2 da waya su sani: manhaja ba ta ganin iska a layin birki.

Gwajin na ƙafa ne, mota a tsaye, inji a kunne. In an yi ta takawa ya yi tauri, galibi iska ce ta shiga. In an danne yana sauka a hankali, yoyo ne ko robar masta ta mutu. In sai ya ɗau zafi yake laushi, man birkin ya sha ruwa: sabon DOT 3 na jure digiri 205, jiƙaƙƙe kuwa 140.

Kowanne ne, a kira bakanike kafin a hau titi.