Kiran Ma'aikaci da Sunansa: Yadda Apache Camel Ke Samar da Mai Sarrafa Saƙo

Babbar ma'aikata ba ta rasa manhajojin kwamfuta iri-iri, wannan ta albashi, waccan ta haraji, kowace kuwa da irin harshenta. Domin a sada su ne aka fito da tsarin Apache Camel cikin shekarar 2007. An rubuta shi da harshen Java, bisa ƙa'idojin wani littafi da Gregor Hohpe da Bobby Woolf suka wallafa a 2003.

Aikin tsarin ya yi kama da na rajistar ofis. Saƙo shi ne fayil, ana shata masa hanya, kuma a kowane zango akwai mai sarrafawa, watau tamkar akawun da zai duba fayil, ya gyara, ya miƙa gaba. A harshen Java kowane mai sarrafawa daga aji yake fitowa, aji kuwa shi ne zubin da ke fayyace aikinsa.

Mai tsara hanya yana iya ƙera mai sarrafawa da kansa ya miƙa wa Camel. Yana kuma iya rubuta cikakken sunan ajin kawai, bayan alamar #class:, sai Camel ya nemo ajin, ya ƙera ma'aikacin. Amfanin wannan shi ne, ana iya sauya ma'aikaci ta hanyar sauya suna a takardar tsari, ba tare da an taɓa sauran manhajar ba.

Amma fa sauƙin yana tafe da sharuɗɗa uku. Na farko, suna rubutu ne zalla, saboda haka idan harafi ɗaya ya kuskure, kuskuren ba ya bayyana sai an zo tayar da tsarin. Na biyu, bisa al'ada ma'aikaci ɗaya ake ƙerawa, shi ke karɓar dukkan saƙonni, wani lokaci da yawa a tare. In ya riƙe bayanin wani saƙo a jikinsa, albashin wani na iya faɗawa cikin fayil ɗin wani. Na uku, bai kamata a ɗauko sunan aji daga saƙon da ya zo daga waje ba, domin mugu na iya kiran ajin da ya ga dama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wajibi ne, ke nan, a gwada kowace hanya tun kafin a ɗora mata amanar jama'a.