Farar Riga, Baƙar Fata da Doki Mai Sukuwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu a Kano ranar Hawan Daushe, da sabuwar kyamara rataye a wuya, ya san takaicin da ake komawa gida da shi. Ido ya ga rawani da alkyabba da ƙura tana tashi a ƙarƙashin kofato. Da aka buɗe hotunan kuwa, sai ga doki ya zama gilmawar inuwa, fuskar mahayi ta yi duhu, farar riga ta koma ruwan toka kamar an wanke ta a kududdufi. Sai mutum ya ɗora wa kyamara laifi, ya fara lissafin sayen wadda ta fi tsada. Galibi ba ta da laifi, an bar ta ne a kan otomatik ta yanke shawarar da ta fi ƙarfinta.

Kyamara ba ta san doki ba, ba ta san sarki ba, haske kaɗai take aunawa. An gina ma'auninta a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta, in aka gauraya haskensa da duhunsa, zai tashi ruwan toka tsaka-tsaki, irin wanda ke mayar da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. A ƙasar da maza ke fita da farar shadda cikin rana, wannan zato kan ci amanar mai hoto. Fari ya cika wuri, kyamara ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, rigar ta dushe, fuskar da dama baƙa ce ta nutse. Maganin yana jikin wani ɗan maɓalli mai alamar +/- da sababbin hannu ba sa kulawa da shi. Matsar da shi zuwa +1, ka ɗauka, ka duba. In aikin zaren da ke wuyan rigar ya ɓace cikin fari, ka wuce gona da iri, dawo baya kaɗan.

Wannan batu na fata yana da tarihi, kuma yana sosa mini rai. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wanke hoto katin daidaita launi mai ɗauke da hoton Baturiya, sai a tsakiyar shekarun 1990 ya fitar da mai mata masu launin fata daban-daban. Na'urorin yau sun gyaru ƙwarai, amma har gobe mai hoto ne zai tsaya ya tabbatar fuskar kawunsa ta fito yadda Allah ya yi ta.

Asalin kalmar kyamara a Latin ɗaki take nufi. A ƙarni na 11 Ibn al-Haisam ya bayyana yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ɗan rami, ya zana surar waje a bango a kife. Har yau abin bai wuce haka ba: akwai taga, akwai labule, akwai bangon da ke karɓar haske.

Girman tagar shi ake rubutawa da harafin f, kuma lissafinsa a juye yake. Ƙaramar lamba kamar f/2.8 babbar taga ce: haske ya shiga da yawa, amarya ta fito tar, jama'ar bayanta su narke. Babbar lamba kamar f/8 ko f/11 ƙaramar taga ce, ita ake so in an jera dangi sahu uku, don kada na baya su fito bishi-bishi.

Labulen shi ne ya kashe hoton dokin. Lambar 1/60 na nufin an ɗaga shi kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa. A ido ƙiftawa ce, amma doki mai sukuwa ya riga ya ci ƙasa. Lokacin jahi kada ka sauka daga 1/1000. Juya dabaran sama zuwa Tv in Canon ce, ko S in Nikon ko Sony ce, ka zaɓi saurin da kanka, kyamara ta ji da taga. Sa ta kuma a kan bin abu mai motsi, wanda Nikon ke rubutawa AF-C, Canon kuma Servo.

A nan ne ISO ke shigowa, wato yadda ake ƙara wa hasken da aka samu ƙarfi. Da rana tsaka 100 ya isa. Amma jahin Daushe da yamma ake yi, rana ta yi sanyi, ƙura ta tare sauran hasken, ga shi kana buƙatar labule mai sauri. Ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, kada ka ji tsoro. Hoton zai yi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa tsaki, amma ana iya rage wannan a kwamfuta, musamman in da RAW, wato ɗanyen hoto, ka ɗauka. Dokin da ya gilma kuwa babu manhajar da za ta dawo maka da ƙafafunsa yadda suke.

Ƙurar nan da ke ƙawata hoto ita ce kuma abokiyar gabar na'ura. Kada ka sauya gilashi a tsakiyar fili, musamman da hunturu, kuma kada ka goge shi da bakin riga, yashi zai karce shi. Kafin Sallah ta zo, je filin ƙwallon unguwa da la'asar, ka nemi izinin yaran, ka ɗauke su a 1/125, sannan 1/500, sannan 1/1000. Jera hotunan uku ka dubi ƙafafunsu.