Abin da Ƙura ta Ɓoye a Tsakiyar Arp 220

Arp 220 wani makeken gungun taurari ne da haskensa ke shafe shekara kusan miliyan 250 kafin ya iso duniya. Gungu biyu ne suka yi karo tun wajen shekara miliyan 700 da suka wuce, kuma har yau ba su gama haɗewa ba. Sunansa ya fito ne daga kundin da masanin taurari Halton Arp ya wallafa a 1966, inda ya zo na 220.

A madubin hangen nesa na yau da kullum, ba shi da wani kwarjini. Sai a 1983, da tauraron ɗan'adam IRAS ya fara auna infirared, wato hasken zafi da ido ba ya gani, aka gano ƙarfin hasken Arp 220 ya haura na rana tiriliyan ɗaya. Dalili shi ne karon ya tura iskar gas da ƙura zuwa tsakiya, suka cunkushe, aka riƙa haifar taurari fiye da ɗari a shekara. Ƙurar ta haɗiye haskensu, ta ɗau zafi, ta mayar da shi infirared. Ita ce ke rufe wurin kamar hazon hunturu, ita ce kuma ke tona asirinsa.

Shi ya sa masana suka koma ga hasken da ke ratsa ƙura. Na'urorin rediyo na nahiyoyi dabam-dabam, da aka haɗa su suka zama tamkar guda, sun nuna cibiyoyi biyu, tazararsu kimanin tafiyar haske ta shekara 1,200, da gomman taurarin da suka fashe a cikinsu. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa ana haifar taurari da yawa a can, domin manyan taurari ne ke saurin fashewa. Na'urar hangen nesa ta ALMA, mai farantai 66 a hamadar Atakama ta ƙasar Chile, ta auna yadda gas ke juyawa a kowace cibiya. Madubin James Webb, wanda aka harba a Disambar 2021, shi ma ya ɗauki hoton Arp 220.

Muhawarar da ta rage ta shafi cibiyar yamma, wadda ƙurarta ta fi kauri: jariran taurari ne kaɗai ke hura wutarta, ko akwai katafaren baƙin rami da ke haɗiyar gas a ciki? Ko hasken ekisre, wanda ya saba fallasa irin waɗannan ramuka, da ƙyar yake ɓullowa daga can.