'Yancinka ba kyautar gwamnati ba ne

Duk lokacin da aka sako wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sai ka ji danginsa a rediyo suna ta godiya ga mai girma gwamna ko shugaban ƙasa. Godiya ba laifi ba ce, amma abin da aka mayar musu nasu ne tun asali. Babi na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, daga sashe na 33 zuwa na 46, ya jera haƙƙin rai, da na mutunci, da na faɗin albarkacin baki, da na taro, da na zirga-zirga. An rubuta su ne don a ja wa mai mulki iyaka, ko wane ne shi.

Ba wanda ya ce a zauna babu hukuma. Manomin Zamfara da sai ya biya ɗan bindiga kafin ya girbe gonarsa ya san yadda rayuwa take inda gwamnati ta ja jiki. Shi ya sa sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙin saboda tsaro, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a, muddin an bi ta doka da ta dace da mulkin dimokuraɗiyya. To, ta wannan ƙofar ake yawan shigowa. A 1984 gwamnatin soja ta kafa doka ta 2, wadda ta ba da damar tsare mutum ba tare da shari'a ba, da doka ta 4, wadda aka ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu da ita, Tunde Thompson da Nduka Irabor. A watan Yunin 2021 gwamnatin farar hula ta rufe Twitter har zuwa Janairun 2022, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. A Nuwamban 2024 aka gurfanar da yara ƙanana a wata kotu a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa bayan zanga-zangar watan Agusta, har wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali.

Abin takaicin shi ne yadda mu talakawa muke raba wannan lamari kan layin jam'iyya. In an kama ɗan adawa don ya soki gwamna a Facebook, magoya bayan gwamnan su ce ya ja wa kansa. Zaɓe ya juya, sai masu tafin jiya su koma neman lauya. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai nasa ya kamata ya shafa wa ruwa. 'Ya'yan jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950, irin su Hajiya Gambo Sawaba, sun sha ɗauri don talaka ya samu bakin magana, ba talakan jam'iyya ɗaya kaɗai ba.

Ga abin da sashe na 35 ya tanada in an kama ka. Dole a sanar da kai dalili a rubuce cikin awa 24, da harshen da kake ji. Kana da damar yin shiru har sai ka ga lauya. In akwai kotu cikin nisan kilomita 40, a kai ka gabanta cikin kwana ɗaya, in babu, kwana biyu, sai dai in zargin mai hukuncin kisa ne. Wanda aka tsare ba bisa doka ba, yana da haƙƙin diyya da a nemi afuwarsa a bainar jama'a. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 sun hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, kuma beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, ko da an nuna maka akasin haka. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Taimakon Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa a babban birnin jiharsa, ya tafi da sunan wanda aka kama, da ranar, da wurin da ake tsare da shi.