Sake Cika Kwanson Harsashi: Araha Ce Ko Jawo Wa Kai Masifa?

A Amurka akwai mafarauta da masu gasar harbi da ba sa yar da kwanson harsashi bayan sun harba. Sukan tsince shi su kai gida, su sake cika shi. Yanzu bidiyon wannan aiki ya cika intanet, har yana shigowa wayoyin matasanmu, shi ya sa ya kamata a san gaskiyar lamarin.

Harsashi abu huɗu ne a haɗe: kwanson tagulla, albarushi, 'yar hular da ke tayar da wuta, da kan da ke fita, wanda galibi na dalma ne. Kwanson ya fi sauran tsada, kuma yana jure amfani fiye da sau ɗaya. Daga nan maganar araha ta samo asali. Dokar tarayyar Amurka ta yarda mutum ya cika don amfanin kansa, amma wanda zai mayar da abin sana'a sai ya nemi lasisi.

To, ana samun rarar kuɗi? Ba kowa ba. Injin matsi da ma'auni da sauran kayan farawa na kamfanoni irin su Lee, RCBS da Hornady sukan ci ɗaruruwan daloli. Mai harba manyan harsasan farauta masu tsada yana iya mayar da kuɗinsa. Mai amfani da harsashi gama-gari irin na milimita 9 kuwa, abin da zai rage kaɗan ne, ga ɓata lokaci. Da yawansu ma sukan ce kuɗin bai ragu ba, harbin ne ya ƙaru. A 2020 da 2021 hular tayar da wutar ta yi ƙaranci a kasuwar Amurka, farashinta ya tashi, lissafin mutane da dama ya rushe.

Haɗarin ya fi asarar kuɗi. Idan albarushi ya yi yawa, bindiga na iya tarwatsewa a hannun mai ita, ta tafi da yatsu ko ido. Idan ya yi kaɗan, kan harsashin kan maƙale a cikin bututu, harbi na gaba ya fasa bindigar. Ga kuma ƙurar dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Mu ba baƙin wannan guba ba ne, domin a 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara.

A Najeriya kuwa, batun ba na riba ko faɗuwa ba ne. Dokar Makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera harsashi ko haɗa shi a gida, kuma hukuncin ɗauri ne na shekaru. Aikin na masana'antu ne masu izinin hukuma, irin su DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Abin da doka ta halatta a Texas laifi ne a Gusau.

Saboda haka muna kira ga mafarauta, maƙera da 'yan sintiri da kada bidiyon ƙasar waje ya ruɗe su. Iyaye su hana yara wasa da kwanson da suka tsinta. Wanda ya ga harsashin da bai fashe ba, kada ya taɓa shi, ya sanar da jami'an tsaro ko mai unguwa.